Daga sadaka zuwa haƙƙi: me shari'ar sauyin yanayi za ta iya yi wa manomin Daura?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Daura ya san yadda ake yi idan shanu suka faɗa gonar mutum. Mai gona zai je wajen mai unguwa ko dagaci, a tashi dattawa biyu ko uku su je su duba ɓarna, su ƙiyasta damin gero nawa ya salwanta, a nemo mai shanu ya biya. Ko ya biya da daɗin rai ko yana ƙunƙuni, ba wanda zai ce alheri ya yi wa mai gona. Haƙƙi ya sauke.

Yau akwai wata ɓarnar da ta fi ta shanu girma, kuma ba dagacin da zai iya kiran mai ita. Manomi a Baure ko Zango ko Mai'aduwa zai yi shuka da ruwan farko, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, ya sake neman iri. In ruwan ya dawo kuma, sai ya zo kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe taki, ya rushe katangu, ya yanka kwazazzabo a tsakiyar gona. Mutanen Jibiya ba za su manta da daren nan na watan Yulin 2018 ba, da ambaliya ta ci rayuka fiye da 40 ta kuma rushe ɗaruruwan gidaje. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadarai masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Na san abin da wani zai ce: ruwa na Allah ne, fari ma ba yau aka fara ba, kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Haka ne. Amma shigar shanu gona ma da ƙaddarar Allah take faruwa, kuma hakan bai taɓa hana a biya ɓarna ba. Malamanmu sun karantar da mu ƙa'idar nan ta "babu cuta, babu cutarwa". Masana kuwa sun tabbatar da sababi: ƙona kwal da fetur da gas da aka shafe sama da shekara 150 ana yi ya tara hayaƙin da ke riƙe zafin rana a sararin sama, duniya ta ɗumama, damina ta rikice. Shekarar 2024 ita ce ta farko da zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu. Afirka duka, da mutanenta sama da biliyan ɗaya, rabonta a wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Shanun dai na wasu ne, gonar kuwa tamu ce. To wa zai duba ɓarna, a kuma gaban wa?

Ƙa'idar kanta tsohuwa ce a dokokin ƙasa da ƙasa. Tun wajen 1930 hayaƙin wata masana'antar narka ƙarfe da ke garin Trail na Kanada ya riƙa tsallaka iyaka yana lalata amfanin gonar manoma a Amurka. Aka kafa kwamitin sasanci, a 1941 ya yanke cewa babu ƙasar da ke da ikon barin a yi amfani da ƙasarta ta hanyar da za ta cutar da maƙwabciya, Kanada kuma ta biya. Wahalar sauyin yanayi ita ce bututun hayaƙin ba ɗaya ba ne, miliyoyi ne, kuma wanda ya cutu yana iya zama a nisan dubban kilomita.

Shi ya sa da farko aka bi hanyar taro da yarjejeniya. A 1992 aka ƙulla babbar yarjejeniyar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Rio, wadda ta amince cewa nauyi na kowa ne amma kason kowa daban, wanda ya fi ɓata shi zai fi ɗauka. A Disambar 2015 aka yi Yarjejeniyar Paris, aka ce kada ƙarin zafi ya kai digiri 2, a yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Sai dai an gina ta ne a kan kowace ƙasa ta rubuta alkawarinta da kanta, kuma ba a tanadi horo ga wadda ta saɓa ba. Ƙasashe masu arziki har sun sa an rubuta, a cikin shawarar da ta raka yarjejeniyar, cewa sashen da ya yi maganar asara da ɓarna ba zai zama hujjar neman diyya ba. Dala biliyan 100 da suka yi alkawarin bayarwa duk shekara daga 2020 ba ta cika ba sai a 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Masar a 2022 ya fara aiki a Dubai a 2023 da alkawuran da suka tashi kusan dala miliyan 700, kuɗin da ko asarar ambaliyar Najeriya ta 2022 kaɗai ba zai rufe ba. Wannan tsari sunansa sadaka: mai bayarwa ne ke zaɓar nawa, da yaushe, da kuma wa. Mai karɓa kuwa aikinsa godiya.

Abin da ya sauya lissafi shi ne da wasu suka daina tambayar me yarjejeniya ta ce, suka koma tambayar me haƙƙin ɗan Adam ya ce. Hujjar mai sauƙi ce. Kusan kowace gwamnati ta riga ta sa hannu cewa za ta kare rai da lafiya da abinci da ruwa da matsugunin mutanenta. In ta san haɗari na tafe, tana da halin ragewa, ta kuma naɗe hannu, to ta saɓa wa alkawarin da kotu ke iya tilasta ta a kai. A Holan, wata ƙungiya mai suna Urgenda da 'yan ƙasa kusan 900 suka kai gwamnatinsu ƙara, a Disambar 2019 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da umarnin a rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 a kan na 1990 kafin ƙarshen 2020. A Afrilun 2024, tsofaffin mata sama da 2,000 na Siwizalan suka yi nasara a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, da hujjar cewa tsananin zafi ya fi kashe irinsu, gwamnati kuma ba ta yi abin da ya isa ba. A Yulin 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ayyana muhalli mai tsabta da lafiya a matsayin haƙƙin ɗan Adam, ƙasashe 161 suka goyi baya, ba wadda ta ƙi.

Shari'ar da ta fi kama da halinmu ita ce ta Pakistan. A 2015 wani ɗan gidan manoma, Asghar Leghari, ya je babbar kotun Lahore. Bai nemi Amurka ko Ingila su biya shi ba. Cewa ya yi gwamnatin ƙasarsa ta rubuta manufar yanayi ta ajiye a kabad, ƙarancin ruwa na cinye gonakinsu, hakan kuma ya taɓa haƙƙinsa na rayuwa da mutunci. Alƙali ya yarda, ya sa ma'aikatu su fitar da jami'in da za a riƙa tuhuma, ya kafa kwamiti mai bibiyar aiki yana kawo wa kotu rahoto. Zan dawo kan wannan.

Babban labarin ya faru ranar 23 ga Yuli, 2025. A nan gida kusan ba wanda ya lura, domin kwana takwas ke nan da binne marigayi Muhammadu Buhari, Daura na cike da masu ta'aziyya. A ranar ce Kotun Duniya da ke birnin Heg ta bayyana ra'ayinta kan nauyin da ke kan ƙasashe game da yanayi. Asalin maganar ɗalibai ne 27 masu karatun lauya a wata jami'a ta tsibiran tekun Pasifik, da suka fara kiran a 2019. Ƙaramar ƙasar Vanuatu, wadda yawan mutanenta bai kai na birnin Katsina ba, ta ɗauki maganar ta yi ta zawarcin ƙasashe har Babban Zaure ya miƙa tambayar ga kotu a Maris ɗin 2023. A Disambar 2024 ƙasashe 96 da ƙungiyoyi 11 suka yi bayani a gaban alƙalai, har da Tarayyar Afirka.

Manyan masu hayaƙi sun je da hujja ɗaya: Yarjejeniyar Paris ce kaɗai dokar da ta shafi yanayi, abin da ba ta tilasta ba ba wanda zai tilasta. Alƙalan, baki ɗayansu, suka ƙi wannan. Suka ce tsohuwar ƙa'idar hana cutar da muhalli tana aiki a kan kowace ƙasa, ko tana cikin yarjejeniya ko ba ta ciki, haka ma dokokin haƙƙin ɗan Adam. Suka ce digiri 1.5 shi ne ma'aunin da aka amince da shi, kuma ƙasa ba ta da 'yancin rubuta alkawarin ganin dama, dole ya zama iyakar ƙoƙarinta. Suka ƙara da cewa haƙo mai da kwal da gas, da ba da lasisin nemansu, da tallafa musu da kuɗin gwamnati, duk suna iya zama laifi a dokar ƙasa da ƙasa in ƙasa ta kasa ɗaukar matakin da ya dace. Ƙasar da aka cutar kuma tana iya neman a daina, a ba da tabbacin ba za a sake ba, a kuma biya diyya, muddin ta nuna alaƙa tsakanin laifin da cutar.

A nan ake buƙatar natsuwa, don kada murna ta wuce gona da iri. Abin da kotun ta bayar fatawa ce, ba hukunci ba. Mun san bambancin. Alƙali kan ce wane ya biya wane kaza, in ya ƙi a kama shi. Mai fatawa kuwa faɗar matsayin shari'a yake yi, ba ya aika ɗan sanda. Amma mun kuma san cewa idan babban malamin da kowa ya yarda da iliminsa ya yi fatawa, alƙalan gari da ita za su riƙa kafa hujja, mai gardama kuma bakinsa ya yi nauyi. Ƙarfin ra'ayin Heg ke nan. Lauya a Abuja ko Nairobi ko Berlin zai ɗauke shi ya ajiye a gaban alƙali, wakilin Afirka a taron yanayi zai yi magana da muryar mai bin bashi. Kotun teku da ke Hamburg ta yi irin wannan fatawa a Mayun 2024, ta nahiyar Amurka ta yi tata a Yulin 2025, kuma a Mayun 2025 ƙungiyar lauyoyin Afirka ta shigar da irin wannan buƙata a kotun Afirka da ke Arusha.

Sauran cikas ɗin ma na gaske ne. Ƙasa ce kaɗai ke kai ƙasa ƙara a Kotun Duniya, kuma sai wadda ake ƙara ta amince da hurumin kotun. Amurka, wadda ta fi kowa tara hayaƙi a tarihi, ba ta ba da wannan amincewa ta gaba ɗaya ba, a Janairun 2025 ma ta sake sanar da ficewa daga Yarjejeniyar Paris. Sannan ga wahalar hujja. Wani manomi ɗan Peru, Saúl Luciano Lliuya, ya shafe shekara goma yana shari'a da kamfanin wutar lantarki na Jamus, RWE, yana neman ya biya kasonsa, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, na kuɗin kare garinsu daga ambaliyar ƙanƙarar da ke narkewa. A Mayun 2025 kotu ta kori ƙarar, ta ce haɗarin da ke kan gidansa bai kai ba. Duk da haka ta yarda cewa, a ƙa'ida, ana iya kama babban mai hayaƙi da alhakin cutar da ta faru a wata nahiya. Ya faɗi, amma ya bar ƙofa a buɗe. Kimiyya ma na taimakawa: masanan da suka duba ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, sun ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan damina kusan sau 80.

Ra'ayina shi ne, ga mutumin Katsina, ƙofar da ta fi kusa tana gida, kuma mun fi mutanen Holan kayan aiki a takarda. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, a sashe na 24, ta ce kowace al'umma na da haƙƙin muhalli mai kyau da zai taimaki ci gabanta. Turai ba ta da irin wannan sashe a tata yarjejeniyar, sai da lauyoyi suka yi zagaye. Najeriya kuwa ta mayar da ta Afirka dokar cikin gida tun 1983, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a shari'ar Gani Fawehinmi ta 2000 cewa kotunanmu na iya aiki da ita. Wannan na da muhimmanci, domin sashe na 20 na tsarin mulkin 1999, da ya ce gwamnati ta kare muhalli, yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara a kansa kai tsaye. Sai a haɗa shi da sashe na 33 na haƙƙin rayuwa da na 34 na mutunci, da sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka.

An kuma gwada. A 2001 hukumar kare haƙƙi ta Afirka ta samu Najeriya da laifi kan ɓarnar da haƙar mai ta yi a ƙasar Ogoni. A Nuwambar 2005 babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke, a ƙarar Jonah Gbemre na ƙauyen Iwherekan, cewa ƙona iskar gas a sarari ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutunci. A Disambar 2012 kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda kowane ɗan ƙasa ke iya zuwa ba tare da ya fara bin kotunan gida ba, ta ce gwamnati ta saɓa wa sashe na 24 a yankin Neja Delta. A 2018 kotun ƙoli ta ba ƙungiyoyi damar shigar da ƙarar muhalli a madadin jama'a, ko da ba su aka cutar kai tsaye ba. Duk waɗannan daga Kudu suka fito. Abin da ke damuna shi ne, mu da hamada ke bin mu, da wuya ka ji an kai maganar muhallinmu gaban alƙali da sunan haƙƙi. Mun fi sabawa da jiran buhun shinkafa da tabarma bayan ambaliya, a ɗauki hoto, mu yi godiya. Sadakar da muke kuka da ita a Paris, ita muke karɓa a gida.

Ba zan ɓoye ba, hukuncin Gbemre tun 2005 ba a aiwatar da shi ba. Dokarmu ta sa ranar daina ƙona gas tun Janairun 1984, har yau muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙonawa. Fatawar Heg wuƙa ce mai kaifi biyu: Najeriya ƙasar da aka cutar ce, kuma ƙasar mai ce mai ba da lasisi. Ba za mu je neman diyya da hannu ɗaya muna kunna wuta da ɗayan ba.

Akwai kuma dokar sauyin yanayi da ɗan Daura, marigayi Buhari, ya sa wa hannu a Nuwambar 2021, jim kaɗan bayan ya yi alkawari a taron yanayi na Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya kawarwa ba. Dokar ta kafa majalisar ƙasa kan yanayi, ta tanadi asusu da tsarin aiki na shekara biyar-biyar, ta kuma ba kotu ikon dakatar da aikin da ke cutar da muhalli, da tilasta jami'in gwamnati ya yi aikinsa, da sa a biya wanda aka cutar. Ga inda darasin Leghari ya shigo. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina duk farkon shekara, hukumar kula da ruwa na lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. In an yi gargaɗi, ba a yashe magudana ba, ba a isar da saƙon ga manomi da Hausa a kan lokaci ba, aka bari aka yi gini a hanyar ruwa, sannan rai ya salwanta, wannan magana ce ta haƙƙin rayuwa. Asusun muhalli na tarayya yana nan tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi na da kaso a ciki. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, tana kuma cikin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambaya a rubuce: nawa aka karɓa, bedi nawa aka dasa, nawa suka rayu bayan rani biyu?

Haƙƙin ɗan Adam yana kuma kare talaka daga maganin da ya fi cutar zafi. Matar da ke girki da kara da itace a Sandamu ba ita ta ɗumama duniya ba. In za a hana saran itace, kuma ya kamata a rage, to a fara samar mata abin da za ta dafa tuwo da shi a farashin da za ta iya. In za a killace fili don dashe ko don faranta masu hasken rana, a tambayi mai gona da makiyayin da burtalinsa ya bi ta nan, a biya su. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ke faruwa in manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne: sun raya gawo da sauran itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5, galibi daga kututturen da ke tohowa da kansa.

Kotu dai ba ta aiki da "kowa ya sani". Dattawan da ke duba ɓarnar shanu suna zuwa ne tun sawun kofato bai goge ba, mu kuma ɓarnar yanayi muna barin ta ta wuce ba a rubuta ba. Littafi guda a hannun mai unguwa ko limami ko malamin makaranta ya isa a fara: ranar ruwan farko, kwana nawa aka yi fari, sau nawa aka sake shuka, dami nawa gona ta bayar bana da bara, zurfin rijiya a watan Afrilu, gida nawa ya faɗi, mutum nawa suka tafi ci-rani ba su dawo ba, da hotuna masu kwanan wata a waya. Akwai tsangayar koyon aikin lauya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai babbar kotun tarayya a Katsina, akwai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Ɗaliban Pasifik su 27 ne suka fara, a cikin aji ɗaya, shekara shida kafin alƙalan Heg su amsa musu.